Gyambo, Ƙurji ko Kumburi a Baki: Me Ke Kawo Su, Kuma Yaushe Ya Kamata a Je Asibiti?

Da wuya a sami wanda bai taɓa yin ciwon baki ba. Ɗan gyambon da bai kai ƙwayar wake girma ba sai ya hana mutum cin tuwo da miya mai yaji, ya hana shi kurɓar shayi, wani lokaci har magana ta zama aiki. Dalili shi ne fatar cikin baki siririya ce ƙwarai, cike take da jijiyoyin jin zafi, ga shi kuma baki ba ya hutawa daga ci da sha da magana.

Yawancin irin wannan ciwo yakan warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14. Amma akwai abin da muke so kowane majiyyaci ya riƙe tun daga farko: yawan zafi ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Gyambon da ya fi kowanne raɗaɗi sau da yawa shi ne mafi saukin al'amari, alhali sankarar baki takan fara ne shiru, ba zafi ko kaɗan. Abin da likita ya fi kula da shi shi ne tsawon lokacin da ciwon ya ɗauka, da wurin da ya fito, da kamanninsa, da kuma sauran alamomin da suka biyo shi.

Gyambon baki na yau da kullum

Wannan shi ne wanda aka fi gani, yana samun kusan mutum ɗaya cikin biyar. Yakan fito a cikin leɓe, ko cikin kunci, ko gefen harshe da ƙasansa. Zagayayye ne, tsakiyarsa fari ko ruwan ɗorawa, gefensa ja. Kafin ya bayyana mutum kan ji wurin yana yi masa zugi na yini ɗaya ko biyu. Galibi bai kai santimita ɗaya ba, kuma yakan warke cikin mako biyu ba tare da ya bar tabo ba. Akwai babbansa wanda ya wuce santimita ɗaya, mai zurfi, wanda kan kai mako shida kafin ya warke, ya kuma bar tabo.

Ba a ɗaukar wannan gyambo daga wani, don haka babu dalilin ware wa mai shi kofi ko cokali. Abubuwan da kan tayar da shi sun haɗa da damuwa da rashin barci, da cizon kunci, da lokacin al'ada ga wasu mata, da kuma gado. Idan yana yawan dawowa, wannan ya warke wancan ya fito, to a duba jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko folik asid, ko bitamin B12 na iya zama tushensa. Mata masu juna biyu da masu haihuwa kusa da kusa sun fi fuskantar irin wannan ƙaranci.

Rauni da ƙuna

Wani lokaci dalilin a fili yake: an ciji harshe ana cikin tauna, ƙayar kifi ta soki dasashi, ƙanzo ko rake ya karce ganda, ko an kurɓi kunu da zafinsa. Irin wannan yakan warke cikin 'yan kwanaki.

Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne raunin da ake maimaitawa kullum. Karyayyen haƙori mai kaifi, ko haƙorin roba da bai zauna daidai ba, ko haƙorin Makka da bakinsa ya ɗago, duk suna iya yin ta gurzar wuri ɗaya a harshe ko kunci. Komai maganin da aka shafa, gyambon ba zai warke ba sai an gyara abin da ke gurzar. Idan an gyara kuma ya wuce mako biyu bai rufe ba, sai a koma a sake dubawa.

Akwai kuma ƙunar da mutane ke jawo wa kansu wajen neman sauƙin ciwon haƙori. Muna ganin waɗanda suka danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi suka kwana da ita, da masu ɗiga ruwan batir ko fetur ko turare a ramin haƙori, da masu cusa kanwa ko garin taba. Waɗannan abubuwa suna cin naman baki, su bar farin gyambo mai faɗi, haƙorin kuma yana nan da ciwonsa.

Ƙurjin haƙori da dasashi

Idan haƙori ya yi rami aka bar shi, ƙwayoyin bakteriya sukan bi ramin su kai ga jijiyar haƙorin, su kashe ta, su gangara ƙarshen saiwa su tara mugunya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutum zai ji zugi mai bugawa kamar ana kiɗa, wanda ya fi tsanani da dare, haƙorin ba ya taɓuwa, sannan ƙurji ya fito a dasashi kusa da shi ko kunci ya kumbura. Wani lokaci ƙurjin ya fashe, a ji ɗanɗano mara daɗi a baki, zafin ya lafa. Lafawar nan ba warkewa ba ce, tushen cutar yana nan a cikin ƙashi.

Matasa 'yan shekara 17 zuwa 25 sukan yi fama da kumburi a can ƙuryar baki lokacin da turmin haƙori na ƙarshe ke fitowa. Idan bai sami wuri ba, sai ya tsaya rabi a waje rabi a ƙarƙashin dasashi, abinci ya riƙa maƙalewa a wurin har ya ruɓe.

Maganin antibayotik kaɗai ba ya warkar da ƙurjin haƙori. Dole a fitar da mugunyar, sannan a wanke saiwar haƙorin a cike ta, ko a cire shi. Maganar da ake yi cewa ba a cire haƙori idan yana kumbure, ko cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, ta sa mutane da yawa sun zauna a gida har abu ya ɓaci. Mugunyar haƙoran ƙasa tana iya malala zuwa ƙarƙashin harshe da haɓa da wuya, ta ɗaga harshe sama ta toshe hanyar numfashi cikin 'yan awoyi. Masu ciwon suga da masu juna biyu sun fi shiga wannan haɗari.

Cututtukan bairos da fangas

Ƙurajen da ke fesowa a bakin leɓe bayan zazzaɓi, waɗanda ake cewa zazzaɓi ne ya fita, aikin wata ƙwayar bairos ce mai suna hafis. Sukan fara da ƙaiƙayi, su ɗuri ruwa, su fashe, su yi ɓawo, su warke cikin kwana 10 ko makamancin haka. Ƙwayar tana kwanciya a jijiya tsawon rai, ta farka idan an yi zazzaɓi ko an gaji ko an sha rana. Ita kam ana ɗaukarta ta sumba da haɗa kofi. Mai irin waɗannan ƙuraje kada ya sumbaci jariri, domin a watannin farko na rayuwa wannan ƙwaya tana iya kai wa ƙwaƙwalwar jariri.

Karon farko da ƙwayar ta shiga jikin yaro, galibi tsakanin wata 6 da shekara 5, yakan yi tsanani: zazzaɓi mai zafi, dasashi ja a kumbure, ƙananan gyambuna a ko'ina cikin baki, yawu yana dalala, yaro ya ƙi ci ya ƙi sha. Akwai kuma wata cutar bairos ta yara da ke fito da ƙuraje a baki da tafin hannu da tafin ƙafa a lokaci guda. Duka biyun suna wucewa da kansu. Abin tsoro a cikinsu shi ne bushewar jiki saboda ƙin shan ruwa.

Fangas mai suna kandida shi ke kawo farin abu kamar guntun kindirmo a harshe da cikin kunci, wanda idan an goge sai a ga ja a ƙasa, har ya ɗan yi jini. A jarirai abu ne da aka saba gani kuma yana jin magani, sai dai a haɗa da duba kan nonon uwa don kada su riƙa mayar wa juna. A babban mutum kuwa sai an nemi dalili: yawan shan antibayotik, ko ciwon suga da ba a sani ba, ko kwana da haƙorin roba, ko maganin asma na shaƙa idan ba a kuskure baki bayansa, ko raunin garkuwar jiki irin na cutar ƙanjamau.

Kumburin da ya shafi yawu

Yawu yana fitowa ne daga wasu jakunkuna manya guda shida, biyu a gaban kunnuwa, biyu a ƙasan muƙamuƙi, biyu a ƙarƙashin harshe, da ɗaruruwan ƙanana da ke warwatse cikin baki. Idan aka ciji leɓen ƙasa, hanyar wata ƙaramar jaka tana iya yankewa, yawu ya taru ya yi ƙullutu mai laushi kamar an ɗura ruwa. Yakan fashe ya sake cika. Ba shi da haɗari, amma idan ya ƙi tafiya ana cire shi da ɗan ƙaramin aiki.

Tsakuwa ma tana iya fitowa a hanyar yawu, mafi yawa a jakar ƙasan muƙamuƙi. Alamarta ba ta ɓuya: da an fara cin abinci, musamman mai tsami, sai ƙasan haɓa ya kumbura da zafi, bayan awa ɗaya ko biyu ya sace. Hangum kuwa bairos ne da ke kumbura jakunkunan gaban kunne, yawanci a yara, tare da zazzaɓi da zafi wajen tauna.

Ƙullutan da ba su cika haɗari ba

Wasu masu juna biyu sukan ga jan tsiro a dasashi tsakanin haƙora, mai saurin zubar da jini. Canjin sinadaran jiki ne tare da dattin haƙori, kuma yakan ragu bayan haihuwa. Wurin da ake yawan cizo a kunci yana iya yin ɗan tauri kamar kanta. Wasu kuma suna da tudun ƙashi a tsakiyar ganda ko cikin muƙamuƙin ƙasa tun suna matasa, wanda halitta ce kawai. Duk da haka, ba majiyyaci ne zai yanke wa kansa hukuncin cewa ƙullutu ba shi da haɗari ba, sai wanda ya duba ya taɓa.

Idan baki yana ba da labarin wata cuta

Sau da yawa baki ne ke fara nuna abin da ke faruwa a sauran jiki. Tsagewar kusurwar baki da harshe mai santsi ja suna nuna ƙarancin jini ko na abinci mai gina jiki. Tunjere, wadda ake ɗauka ta saduwa, tana iya fara bayyana da gyambo mai tauri mara zafi a leɓe ko harshe, ya ɓace da kansa alhali cutar tana ci gaba a jini. Dasashi mai kumburi da yawan zubar jini tare da kasala da zazzaɓi na iya zama alamar sankarar jini.

Magunguna ma suna kawo gyambon baki. Wanda ya fi haɗari shi ne idan jiki ya ƙi wani magani, kamar Septrin, ko Fansidar, ko wasu magungunan farfaɗiya da na ƙanjamau. Cikin kwanaki ko makonnin farko da fara sha sai zazzaɓi ya zo, leɓɓa su saluɓe su yi ɓawon jini, idanu su yi ja, fata ta fara tashi. A dakatar da maganin nan take, a tafi asibiti da kwalinsa a hannu.

Noma: cutar da iyaye ya kamata su sani

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ba za a yi maganar gyambon bakin yara a tsallake noma ba. Tana kama yara ne musamman 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ke fama da tamowa, sau da yawa jim kaɗan bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Takan fara da abin da ake rainawa: dasashi mai ciwo da zubar jini, da warin baki mai ƙarfi, da dalalar yawu. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, wani wuri a fatar ya yi duhu, naman ya mutu ya zube, ya bar rami a fuska.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan yara tara cikin goma da suka kamu suna rasuwa idan ba a yi magani ba, kuma a watan Disamba na 2023 ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Abin takaici shi ne a matakin farko maganinta mai sauƙi ne: antibayotik, da wanke baki, da abinci mai gina jiki. Ba a ɗaukarta daga yaro zuwa yaro, kuma ba sammu ba ce, ba iska ba ce. A Sakkwato akwai asibiti na musamman don wannan cuta, wanda aka buɗe a 1999, inda ake yi wa waɗanda suka tsira aikin gyaran fuska. Amma yaron da aka kai asibiti mafi kusa tun dasashi yana jini ba zai buƙaci wannan aiki ba.

Sankarar baki

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, kusan mutum 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da baki a duniya, fiye da 188,000 kuma suka rasu. Manyan abubuwan da ke jawo ta su ne taba kowace iri, ta hayaƙi da ta gari da ake dasawa a leɓe ko ƙarƙashin harshe, da kuma giya. Wanda ya haɗa biyun haɗarinsa ya ninka sosai. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 40, amma tana samun matasa da waɗanda ba su taɓa shan taba ba.

Wuraren da ta fi so su ne gefen harshe, da ƙarƙashinsa, da cikin kunci. Alamomin da za a lura da su:

- gyambon da ya kai mako uku bai warke ba, musamman mai tauri da tasasshen gefe
- farin tabo ko ja wanda ba ya goguwa
- ƙullutu a baki ko kaluluwa mai tauri a wuya da ba ta sacewa
- haƙori ya fara girgiɗi ba dalili, ko ramin haƙorin da aka cire ya ƙi rufewa
- mutuwar leɓe ko harshe, ko ciwon kunne na gefe ɗaya da ya ƙi tafiya
- wahalar haɗiya ko canjin murya mai daɗewa

Abin da muka fi gani a asibitocinmu shi ne majiyyaci ya zo bayan wata shida ko shekara, ya gama zagaya kemis da masu maganin gargajiya, saboda da farko abin bai yi masa zafi ba. Idan an kama ta tana ƙarama, aiki ɗaya kan wadatar kuma yawancin majiyyata suna warkewa. Idan ta kai wuya, magani yakan yi tsawo da tsada, sakamakon kuma ba ya kai na farko.

Kumburin muƙamuƙi ma kada a raina shi. A manya akwai tsiron da ke girma a hankali cikin ƙashin muƙamuƙi shekara da shekaru ba zafi, har ya karkatar da fuska. A yara kuwa, kumburin muƙamuƙi mai saurin girma tare da girgiɗin haƙora na iya zama sankarar Burkitt, wadda ta fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Tana girma cikin makonni, amma tana jin magani sosai idan an fara da wuri.

Abin da za a yi a gida

Idan ƙaramin gyambo ne sabo, ba zazzaɓi ba kumburin fuska:

- A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kuskure baki sau uku ko huɗu a yini, a tofar.
- A sha farasitamol yadda aka rubuta a kwali. Kada a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin.
- A rage yaji da tsami da abinci mai zafi ko tauri. Kunu da koko da suka huce, da fate, da kindirmo sun fi sauƙin ci.
- A ci gaba da wanke baki safe da dare da buroshi mai laushi ko asuwaki, a hankali.
- Yaro a riƙa ba shi ruwa da nono kaɗan-kaɗan a kai a kai, ko da cokali ne.

Kada a fasa ƙurji da allura ko reza, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a buɗe kafso a barbaɗa garinsa a kan gyambo, kada kuma a sayi antibayotik ba tare da an duba ba.

Yaushe za a je asibiti?

A tafi nan take, ko da tsakar dare ne, idan akwai kumburin ƙasan haɓa ko wuya, ko kumburin da ya kai ido, ko wahalar numfashi, ko kasa haɗiye yawu, ko kasa buɗe baki. Haka nan idan yaro ya ƙi sha gaba ɗaya, fitsarinsa ya ragu, ko yana da warin baki da kumburin kunci, ko jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zazzaɓi da ƙurajen baki.

A je cikin 'yan kwanaki idan gyambo ya cika mako biyu bai nuna alamar warkewa ba, ko yana ƙara girma, ko yana yawan dawowa, ko akwai rama da zazzaɓi tare da shi. Masu ciwon suga, da masu ƙanjamau, da masu karɓar maganin sankara kada su jira mako biyun.

Likitan haƙori shi ne ya fi dacewa, amma inda babu shi kowane likita ko ma'aikacin lafiya zai iya dubawa ya tura gaba. Zai tambayi ranar da abin ya fara, da magungunan da ake sha, da batun taba da giya, kuma gaskiya a nan tana taimakon majiyyaci ne. Zai duba baki da fitila, ya taɓa wurin da wuya, wataƙila ya nemi gwajin jini ko hoton haƙori. Idan ya yi shakka zai ɗebi ɗan ƙaramin nama a kai ɗakin gwaji, bayan an kashe zafin wurin da allura. Mutane da yawa suna gudun wannan gwaji don tsoron cewa taɓa ciwo da ƙarfe yana sa ya bazu. Ba haka ba ne. Wannan gwaji shi ne kaɗai hanyar tabbatar da ko sankara ce ko ba ita ba, kuma sau da yawa sakamakonsa kwanciyar hankali yake kawowa.

Saboda haka, ranar da kuka ga gyambo ko ƙullutu a bakinku ko na yaranku, ku riƙe ranar, ku rubuta ta idan da hali. Idan mako biyu ya cika yana nan, ku kai a duba, ko yana zafi ko ba ya yi.